Na Goge Doka Ta Bakwai, Na Ce Na'ura Ce Ta Manta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah Ya saka muku da alheri kan yadda kuke sauraron damuwar mutanen da ba ku sani ba. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata a ciki duk na canza su. Kuma ina roƙo, kafin kowa ya yanke mini hukunci ya daure ya karanta har ƙarshe, don duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina shi, mako biyu ke nan. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Asabar nake buƙatarta.

Zan bi abin daki-daki, don ni ban iya labari a birkice ba.

Ni magidanci ne, shekaruna arba'in da takwas. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai koyon buga tafireta da na yi a Yelwa tun ina saurayi. Ni ne sakataren ƙungiyar masu jiragen ruwa a wata kwata da ke bakin tafkin Kainji, a ƙasar Ngaski. Babban aikina shi ne layi. Ranar kasuwa jirage ashirin da uku ne ke jiran lodi a kwatarmu. Wanda ke gaba shi ke kwashe buhunan albasa da shinkafa da kwandunan banda da fasinja, wanda ke can baya kuwa wani lokaci haka zai wuni yana korar ƙuda ya koma gida da jirgi wayam. Saboda haka layin juyawa yake yi: wanda ya yi na ɗaya wannan makon ya koma ƙarshe mako mai zuwa, kowa ya matso gaba da taki ɗaya. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da wannan layi, ban taɓa tsallakar da kowa ba. Har akwai maganar da ake yi a kwata, wai Sakatare ko Innarsa ce ta zo da jirgi sai ta bi layi. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata Musulmi ya ji daɗin yabo.

Ina da ƙanin mata, zan kira shi Bashir. Malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Yelwa, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma abokin wasana tun ranar da na je neman auren yayarsa. Mahaifinsa, wato surukina, muna ce masa Baba Alhaji, shi ma yana da jirgi a ƙungiyarmu. Bara da damina ruwa ya shiga ofishinmu ya jiƙa littafin layi har tawada ta narke, muka yi mako uku ana gardamar wa ke gaban wa. Sai Bashir ya ce a bar shi ya haɗa mana 'yar manhaja da za ta riƙa lissafa layin da kanta, ta tura wa kowane mai jirgi a wayarsa da la'asar ɗin jajiberin kasuwa. Ya kawo tsohuwar kwamfutarsa, ya sa mata wani mataimaki na AI mai rubuta manhaja. Kai dai ka rubuta masa abin da kake so, da Hausa ko da ɗan Turancinka, shi kuma ya rubuta lambobin da kwamfuta ke ganewa. Da yake Bashir sai ƙarshen mako yake zuwa, sai ya koya mini in riƙa ci gaba da aikin a sauran ranaku.

To, wannan mataimaki yana da ƙoƙari amma yana da ciwo ɗaya: ba ya tuna jiya. Yau ku wuni kuna aiki, ya gane komai, ya san sunan kowane jirgi. Ka rufe zama, gobe ka buɗe sabo, sai ka tarar kamar bai taɓa ganinka ba. Shi ya sa Bashir ya raɗa masa suna Mantau. Akwai ranar da na ce masa ya gyara mini yadda sunaye ke fitowa a waya, sai ya ga gara ya jera su bisa haruffa, duk masu suna Abdu da Adamu suka haye sama, su Yakubu da Zubairu suka nutse ƙasa. Allah Ya sa na duba kafin a tura, da an yi dambe a kwata. Wata rana kuma ya rushe abin da shi da kansa ya gina shekaranjiya, ya ce mini bai ga amfaninsa ba. Na kira Bashir raina a ɓace, sai dariya yake yi mini a waya.

"Yaya, ai ka samu ɗan'uwa. Shi ba ya tuna komai, kai ba ka manta komai. In an haɗa ku an samu mutum ɗaya mai lafiya."

Na ce, "Rufe mini baki, mara kunya. Da ban auri yayarka ba wa zai san da kai a kwata?"

Ya ce, "To surukin arziki, ga magani. Rubuta masa. Abin da ba ka rubuta ba, a wurinsa bai faru ba."

Nan muka buɗe wani fayil da muka sa wa suna takardar tuni, kuma wallahi ban taɓa samun aikin da ya dace da halina kamarsa ba. Na tsara masa hanya, ba na kauce mata. Da farko, duk zaman da zan buɗe, kalmata ta farko ita ce, karanta takardar tuni, ka faɗa mini abin da ka gane kafin ka taɓa komai. Na biyu, aiki ɗaya a zama ɗaya, don na lura in zama ya yi tsawo sai ya fara ruɗewa kamar mai injin da ya wuni a rana, gara a rufe a buɗe sabo. Na uku, kowace doka sai an rubuta dalilinta a gefenta, don dokar da ba ta da dalili yakan ɗauke ta shara ya share. Na huɗu, kowace doka tana da ɗan gwaji da ke tsaronta, in an taɓa ta gwajin ya nuna ja. Na ƙarshe, kafin a rufe zama sai ya rubuta da kansa, a sashen da muka kira "Inda aka tsaya", abin da aka gama da abin da ya rage, don Mantau na gobe ya karanta abin da Mantau na yau ya bari. Da haka ya miƙe. Wata takwas manhajar nan tana tura layi ba kuskure ko ɗaya. Dokoki goma sha biyu ne a takardar, duk ni na rubuta su da hannuna, har da ta bakwai.

Doka ta bakwai al'ada ce da muka tarar tun kakanni. Idan mai jirgi ya rasu, jirginsa ne na ɗaya a kowace ranar kasuwa har sai matarsa ta fita takaba, sannan ya koma layi kamar kowa. A gefenta na rubuta dalili: saboda matar ba ta fita nema, kuma daga jirgin nan marayu ke ci. Ni na rubuta wannan. Ina so ku riƙe wannan a ranku, don kada wani ya ce ban san abin da nake yi ba.

Sai Tanko ya rasu.

Allah Ya jiƙan Tanko, ba na so in ci naman mamaci, amma dole in faɗi abin da ke tsakaninmu. A duk shekarun nan shi kaɗai ne mutumin da ya raina layina. Sai ya lallaɓa da jirginsa bayan kainuwa ya tari fasinja tun kafin su iso kwata, in na yi magana ya ce, "Malam Ɗaya-Biyu, ruwa dai ba ya da layi." Sunan da ya sa mini ke nan, Malam Ɗaya-Biyu, har mata masu soya kifin warangi suka ɗauka. Wata rana a gaban jama'a ya karɓi littafina kamar zai duba, sai ya shimfiɗa shi a kan jiƙaƙƙen benci ya zauna a kai, ya ce yau dai littafin Sakatare ya yi amfani. Aka yi ta dariya. Ni kuwa ban manta ba. Ranar da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, na yi masa addu'a, kuma na ɗauka na yafe. Kasuwa biyu jirginsa ya yi na ɗaya kamar yadda doka ta ce, direbansa ya yi lodi ya kai wa iyalinsa abin da ya samu.

Ranar wata Talata da hantsi na buɗe kwamfuta don in sa lambar wayar wani sabon mai jirgi, shi ke nan abin da ya kai ni. Sai idona ya faɗa kan jerin makonni masu zuwa. Tanko na ɗaya. Tanko na ɗaya. Tanko na ɗaya, har ƙasan allo. Sai wata magana ta taso mini a zuciya, ban san daga ina ba: yana raye yana tsallake layi, ya mutu ma yana tsallake layi. Ina ji a jikina shaiɗan ne, na ma yi a'uzubillahi, amma hannuna bai tsaya ba. Me matarsa ta yi mini? Me 'ya'yansa suka yi mini? Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba a lokacin.

Laifi uku na yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da hankalina. Na farko, na buɗe takardar tuni na goge doka ta bakwai da dalilinta, sannan na gyara lambobi, ta takwas ta koma ta bakwai, ta tara ta koma ta takwas, don kada a ga giɓi. Ku ji fa, ko a cikin ha'inci sai da na jera abu daidai. Na biyu, na rufe zaman na buɗe sabo, don na san wanda zai amsa mini bai san jiya ba. Na ce ya karanta takarda, sannan ya share duk abin da ke cikin manhaja wanda ba ya cikin dokoki. Na zaci zai yi kawai. Sai ya rubuto mini:

"Na ga wani sashe da ke sa jirgin mamaci a gaba, amma ba ya cikin dokokin takarda. Akwai gwaji da ke tsaronsa, kuma a jikinsa an rubuta 'saboda takaba'. Wataƙila dokar ce ta ɓace daga takarda bisa kuskure. In mayar da ita?"

Na ce a'a, cire shi.

Ya sake cewa, "Idan na cire, jirgin Tanko zai koma na goma sha bakwai a kasuwa mai zuwa. Ka tabbata haka ake so?"

Jama'a, abin da ba ya da uwa ba ya da uba, bai taɓa zuwa jana'iza ba, bai san mene ne maraici ba, shi ya tsayar da ni sau biyu. Ni kuma mai salla biyar na rubuta masa: ni ne Sakatare, yi abin da na ce. Ya cire. Da za mu rufe, ya rubuta a "Inda aka tsaya" kamar yadda ni na koya masa: "An cire sashen takaba da gwajinsa bisa umarnin Sakatare, bayan na tambaya sau biyu." Wannan layin ma na goge shi, shi ne laifi na uku. Na rufe kwamfuta na tafi sallar azahar. Abu ɗaya ne ban duba ba, ni da ke duba komai: in Tanko ya sauka, wa zai hau na ɗaya?

Jirgin Baba Alhaji ne. Jirgin mahaifin Bashir.

Ranar Alhamis, ranar kasuwarmu, da safe kwata ta cika, direban Baba Alhaji ya ga saƙo a waya ya ja jirgi gaba ya fara lodi tun maigidansa bai iso ba. Direban Tanko yana can baya ya rungume hannu. Ina zaune a bencina sai ga Asabe, babbar ɗiyar Tanko, matar aure ce mai sana'ar banda, ta taho ko mayafinta ba ta gyara ba, duk jikinta ƙaurin hayaƙi. Ta tsaya a kaina tana nuna mini waya.

"Sakatare, mi munka yi muku? Ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba kunka mai da shi na sha bakwai? Innata na ɗaki ba ta iya fitowa, shi ne kunka ga babu mai magana?"

Jama'a suka taru a kanmu. Nan ne wurin da ya kamata in miƙe in ce ni ne. Da na faɗa a lokacin, da an zage ni kwana biyu an wuce. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ki yi haƙuri Asabe, na'ura ce ta manta. Ai kowa ya san Mantau muke ce mata."

Sai wani daga baya ya ce, "To da ta manta, wa ta tuna?"

Wani ya amsa, "Jirgin Alhaji."

"Wa ya kawo na'urar?"

"Ɗan Alhaji."

Shi ke nan, magana ta ƙare, hukunci ya fita. Babu wanda ya kalle ni, ko mutum ɗaya. Sarkin Jirgi, dattijon da ke shugabantar ƙungiyarmu, har dafa kafaɗata ya yi ya ce, "Kai dai Sakatare mun san ka, wanga ba aikinka ba ne. An yi amfani da amanarka ne." Na sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne. Sunan da na yi shekara goma sha huɗu ina ginawa shi ya zama bargon da na lulluɓa da shi, aka bar Bashir a sanyi.

Ana cikin haka Baba Alhaji ya iso da sandarsa. Da ya ji abin da ya faru bai yi gardama da kowa ba. Ya ce a sauke duk abin da aka loda wa jirginsa a mayar na Tanko, buhu bayan buhu. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, da kansa ya sunkuya ya ɗauki kwandon banda, aka yi aka yi ya bari ya ƙi. Ya ce jirginsa ba zai taɓa ruwa ba a ranar, kuma bai taɓa ba. Sannan ya ciro waya a gaban kowa ya kira Bashir, yana makaranta a Yelwa bai san me ake ciki ba.

"Bashiru, ni kaka so ka ciyar da haƙƙin marayu a ƙarshen rayuwata? Kada ka sake taka mini gida sai ka wanke kanka gaban mutane. Na gama." Ya kashe.

Iyalin Tanko dai ba su yi asarar komai ba, Baba Alhaji ya tare musu. Wanda ya yi asara Bashir ne. A kwata yanzu in an ambace shi sai a ce, ɗan boko mai satar layi. Mahaifinsa ba ya ɗaukar wayarsa. Ƙungiya ta sa ranar Asabar mai zuwa a zauna, a kira shi ya yi bayani, kuma Sarkin Jirgi ya ce za a ajiye Alƙur'ani a tsakiya. Matata ta daina cin abincin kirki. Kullum bayan salla sai in ji tana cewa, "Ya Allah, ƙanena ba ɓarawo ba ne. Duk wanda ya ja masa wannan, Ka tona asirinsa." Rannan ta juyo ta ce mini, "Malam, ba ka ce amin ba." Na ce amin. Wallahi na ce amin, da bakina, a kan kaina. Wane irin mutum ne zai iya haka ya kuma tashi ya ci tuwon da matar ta tuƙa?

Ranar Asabar da ta wuce Bashir ya zo. Da yake an hana shi gidan mahaifinsa, gidana ya sauka, a kwanona ya ci abinci, 'ya'yana suna hawa jikinsa suna Kawu, Kawu. Ya rame. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, ni ma na kasa. Bayan la'asar ya ce mu je ofis ya duba abin da ya lalace. Ya zauna gaban kwamfuta, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon ruwa kamar ban taɓa ganinsa ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Yaya, akwai abin da ban koya maka ba, don ban ga buƙata ba. Mantau yana mantuwa, amma manhajar ba ta mantuwa. Duk canjin da aka yi mata yana barin sawu, da ranar da sa'ar."

Na ce, "To."

Ya ci gaba da dubawa. Ban san minti nawa ba ne, ni dai na ji kamar an yi damina an yi rani. Ina jin ƙarar injin wani jirgi yana nisa har ya ɓace. Sai ya ce, "Yaya, dokokin takardarka nawa ne?"

Na ce, "Goma sha ɗaya."

Ya ce, "Da na ɗauka sha biyu ne. Kai da ba ka manta komai."

Ya ɗan yi rubutu, ya rufe kwamfutar a hankali, ya miƙo mini ita da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Ya miƙe ya fita. Ya koma gida ya yi wa yayarsa sallama, ya ce mata kada ta damu, komai zai wuce, ya hau mota ya koma Yelwa.

Sai ranar Litinin na iya buɗe ta. Na yi yadda na saba, na ce karanta takardar tuni ka faɗa mini abin da ka gane. Ya jero dokoki, sun koma goma sha biyu, ta bakwai tana wurinta da dalilinta, kalma bayan kalma yadda na rubuta tun farko. Sannan ya ce, "Akwai saƙo a 'Inda aka tsaya' da aka ce in karanta maka a farkon kowane zama, har sai ka ce an gama." Ga saƙon, na haddace shi:

"Yaya, na mayar da doka ta bakwai da gwajinta. Ba zan ɗora wa na'ura laifin da ba ta yi ba ina dafe da Alƙur'ani. Ba kuma zan ambaci sunanka ba, saboda yayata da 'ya'yanta. Ranar Asabar in an tambaye ni zan yi shiru. Aiki ɗaya ya rage, kuma ba nawa ba ne, ba na Mantau ba ne."

Ƙarƙashinsa Mantau ya tambaye ni, "In sa wannan cikin abin da aka gama, ko ya zauna cikin abin da ya rage?"

Ku da kuke karatu kun san ma'anar shiru a gaban Alƙur'ani. Duk wanda ya yi shiru a wurin nan ya amsa laifi ke nan. Bashir zai zauna gaban mahaifinsa da dattawan kwata ya bari a kira shi maci haƙƙin marayu, sunan ya bi shi har makarantar da yake koyarwa, ya bi 'ya'yansa, don kawai kada gidan yayarsa ya girgiza. Ni kuma zan zauna a gefe da biro ina rubuta abin da taro ya yanke, don ni ne Sakatare.

Zan iya goge saƙon. Na san yadda ake yi, ai na taɓa yi. Na ɗora yatsa a kan maɓallin har sau biyu na janye. Jiya na buɗe, ya karanta mini. Yau da safe na buɗe, ya sake karanta mini, kamar yau ya fara ganinsa, ba fushi ba gori, ya sake yin tambayar nan tasa. Ni na gina wannan hanya don kada ya ɓace daga kan aiki, yau ga shi ita ce ta tsare ni ba ta bar mini wurin ɓuya ba.

Ba wai ban san gaskiya ba ne, na san ta. Tsoro nake ji. In na faɗa, kujerar sakatare ta tafi, wannan ban damu da ita sosai ba. Amma da wane ido zan kalli Baba Alhaji, wanda ya ɗauki kwando a kansa saboda ƙaryata, ya kori ɗansa saboda ƙaryata? Da wane baki zan gaya wa matata cewa addu'arta a kan mijinta take yi, kuma ya ce amin? In ta ce ba za ta iya zama da ni ba, me zan ce mata? Asabe fa, da na dubi idonta na ce na'ura ce? Wata zuciyar tana ce mini in rubuta takarda in ba Sarkin Jirgi in bar gari na kwana biyu, amma na san wannan gudu ne. Wata tana ce mini in je wurin Baba Alhaji shi kaɗai in roƙe shi ya kashe maganar a cikin gida, amma a gaban jama'a aka ɓata Bashir, ta yaya za a wanke shi a ɗaki? Ni mutum ne da in an ba ni abu a jere nake iya yinsa, amma wannan na rasa wanda zan sa na ɗaya: matata, ko surukina, ko Bashir, ko uwar marayun da ke cikin takaba, ko in bari sai Asabar in miƙe tsaye kafin a kira sunansa.

Yau Laraba. Kwamfutar tana nan buɗe a gabana ina rubuto muku wannan a waya, tambayarsa tana kan allo ban amsa ba: an gama, ko ya rage?

Don girman Allah ku ba ni shawara, malamai da iyaye da duk wanda ya taɓa cin amanar wanda ya rufa masa asiri. Me zan yi?